Nomau da Injunan Wanke Kwanuka

A garinmu Tungar Ɗorawa akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, Allah ya sani. Abin da aka gaya masa dai shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kife. Yana zaune a gidan wansa Alhaji Sallau, mai sayen kayan gwanjo. Matar Alhaji, Hajiya Delu, tuwo take sayarwa a tasha ranar kasuwa. Sai kuma Inna Kuluwa, tsohuwar da ta shekara ashirin tana yi wa gidan wanke-wanke. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ɗan ɗakin da ke bayan madafa shi ne iyakar abin da ta mallaka.

Da kamfanin da ya yi mana titi ya tashi, Alhaji ya sayo tarkacen gidajen ma'aikatansa, ciki har da tsofaffin injunan wanke kwanuka guda uku. Aka jera su a tsakar gida, aka jona musu janareto, aka ja musu tiyo daga tankin ruwa. Alhaji ya faɗa a gaban kowa cewa in ɗaya ya yi aiki, Inna ta huta ke nan, sai a mai da ita ƙauyensu wurin ɗan ƙaninta. Kowa kuwa ya san ɗan ƙanin nan ko gaisuwar Salla ba ya aiko mata. Ni dai abin ya yi mini zafi.

Alhaji ya nuna wa Nomau inda ake dannawa, ya ce ya gwada su ya gano wanda ya fi. Nomau ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya raɗa musu suna: Fari, Mai Tsatsa, da Mai Tari.

Wata rana Alhaji ya ce, "Ka ba su datti iri ɗaya, kada ka cuci wani." Nomau ya duba kwanukan da aka ci abinci, ya ga wani maiƙo ya yi masa yawa, wani an suɗe shi tas. Wannan ai zalunci ne. Ya kwaso wankakkun kwanuka talatin daga ɗakin Hajiya, ya sauke tukunyar miyar kukar da ta kaɗa don rana, ya bi su da ludayi ɗaya-ɗaya yana shafewa da yatsa. Hajiya ta fito ta tarar da tukunya wayam.

"Nomau! Ina miyata?"

"Goma-goma na raba musu, Hajiya. Ba wanda zai yi ƙorafi."

Ran nan da man gyaɗa da yaji aka ci tuwo. Amma Nomau ya samo labari: Fari ya wanke ciki ya bar baki, Mai Tsatsa ya wanke na ƙasa ya mai da miyar kan na sama.

Wata rana Alhaji ya ce, "Duk abin da Inna ke wankewa ka sa musu, mu gani." Nomau ya sa ƙwarya, ya sa akushi, ya sa muciya da maburgi, ya tura tukunyar ƙasa. Ya tuna ranar Juma'a Inna kan wanke takalman robar Alhaji da sauran ruwan kumfa, ya haɗa da su. Da aka buɗe, ƙwarya ta tsage, akushi ya dare gida biyu, takalmi ɗaya ya nannaɗe kamar soyayyen ganda. Alhaji ya riƙe shi yana salati. Nomau kuwa ya tsuguna yana juya akushin, mamaki ya cika shi.

"Yaya, shekara ashirin Inna ba ta iya raba shi ba. Mai Tari sau ɗaya ya yi."

Wata rana Alhaji zai fita ya ce, "Kada ka ɗauke ido daga kansu sai sun gama." Nomau ya kafa kujera ya zuba musu ido. Can tiyon Mai Tsatsa ya fice ta baya, ruwa ya fara malala. Nomau yana jin sanyi a ƙafarsa, amma duba ƙasa ai ɗauke ido ne. Ruwa ya ci tsakar gida, ya shiga akurkin kaji, tanki ya ƙare ƙaf. Inna ce ta ɗauki bokiti ta yi sawu huɗu zuwa rijiya, sannan ta zauna ta sake wanke abin da injunan suka wanke. Da ta gama na ga ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta.

Wata rana, jajibirin kasuwa, Alhaji ya gaji. Ya ce, "Gobe gwajin ƙarshe. Ka gwada su a kan aikin rumfar Hajiya, daidai yadda ake yi a can. Inna kuma ta zauna a gida." Shi nufinsa a kwaso kwanukan a kawo gida. Nomau ya yi sammako ya ɗora injunan a amalanke, sai tasha. Rumfar Hajiya ba wuta, ba tiyo, ruwa duro ɗaya ne. To, haka ake yi a can. Duk kwanon da aka ci aka ajiye, Nomau ya ɗauke ya tura cikin inji, ya rufe, ya danna, ya zauna jira. Kafin azahar kwano ya ƙare a rumfa. Direbobi suna tsaye da yunwa, wasu sun fara tsallakawa wurin mai shinkafa.

"Fito mini da kwanukana!" in ji Hajiya.

"Ba su gama ba, Hajiya. Ko farawa ba su yi ba."

Alhaji ya iso yana huci, ya tura ɗan acaɓa ya ɗauko Inna. Ita kuwa da aka ce mata Alhaji na kira a tasha, sai ta ɗauka ranar tafiya ce ta zo. Ta sauka da ƙunshin kayanta a ka, da 'yar butarta a hannu, ta durƙusa.

"Alhaji, ga ni. Wace mota ce? In na yi muku laifi a zaman nan, ku yafe mini."

Sai idon Inna ya kai kan tulin kwanukan da Hajiya ke zazzagowa daga cikin Fari. Ta sauke ƙunshin, ta ɗaure zani, ta ce a miƙo mata baho da soso da toka. Da rabin duron nan ta wanke su duka, tana miƙawa Hajiya na zuba tuwo, direbobi suka dawo.

Nomau ya zagaya bayanta, ya duba ƙasa, ya duba sama.

"Yaya, ita me aka jona mata?"

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin Inna, shi da babbar rigarsa, ya ɗora a kafaɗa.

Inna ta ɗago. "Alhaji, ina za ka kai mini kaya?"

"Gida, Inna," ya ce. "Ɗakinki."