Layin Alhaji a Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a kan Kogin Nilu ba, ko da kuwa na so in manta. A lokacin ina shekarata ta huɗu a Alƙahira, ina karatun Shari'a, ina zaune a unguwar Madinat Nasr tare da wasu ɗalibai huɗu da tukunya ɗaya. Na iya yi wa direban ƙaramar bas tsawa da Larabcin Masar, na san lungun da ake samun garin tuwo a unguwar Arba wa Nus, kuma duk baƙon da ya zo daga gida ni ake haɗa shi da shi. Saboda haka na ɗauki kaina cikakken ɗan gari. (Wannan ciwo ne, kuma ba ya kayar da mutum sai a gaban jama'a.)

Akwai wata yarinya 'yar Funtuwa, Nafisa, tana karatun harhaɗa magunguna. Mun fahimci juna, kuma ina son ta so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai san me ke ciki ba. Abu ɗaya ya rage, mahaifinta Alhaji Mu'azu ya ce in turo magabatana. Ana nan sai ga shi ya zo Masar a duba masa gwiwa, tare da mahaifiyarta Hajiya Kulu. Nafisa ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Gwiwar tana ciwo da gaske, amma ba ita kaɗai ya zo dubawa ba."

Na ɗaura ɗamara. Ni ne ɗaukar takardun asibiti, ni ne tafinta, ni ne tare mota, ni ne cinikin lemo. Alhaji mutum ne mai tsadar magana, ɗan kasuwar hatsi, idan ka yi masa bayani na minti goma sai ya ce "To," kai kuma ka tafi gida kana fassara ta. Da waya ce kawai bakinsa ke buɗewa. Wata 'yar ƙaramar waya ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba, lambobin jikinta duk sun goge. Layin da ke ciki ya kai shekara ashirin, kuma a cikinsa ya ajiye lambar kowa: dillalai, direbobin manyan motoci, masu awo, manoman da ke kawo masa masara. Ba littafi, ba komai, duk kasuwarsa tana cikin ɗan wannan katin da bai kai farce ba.

A kwana na biyar na ce bari in rufe aiki da abin burgewa, na shirya mana yawon jirgin ruwa a kan Nilu, mai haɗe da abincin rana. Na rana na zaɓa da gangan, don na ji a na dare akwai mace mai rawa da kayan da ba su kai na ɗan dambe ba, ni kuma aure nake nema, ba kora ba.

To ga inda shaiɗan ya shigo. Kafin ranar na ci karo da wani bidiyo na minti uku a intanet. Wani bawan Allah ne ya hau irin manyan jiragen nan da ke yin kwanaki a teku, ya bar wayarsa a kunne, ta kama hanyar sadarwar jirgin ta tauraron ɗan Adam, kamfanin waya ya yanke shi yankan da ya kusa sa shi kuka. Romin ake ce wa abin, wato kuɗin da ake caje ka idan ka fita da layinka inda ba gidansa ba. Ban kalli bidiyon har ƙarshe ba. Na ji "jirgi", na ji "ruwa", na ce shi ke nan, na samu ilimin da zan kashe Alhaji da shi.

Na sha aski, na sa shadda, na kafa wata doguwar hula da nake ajiyewa don sallar Idi. Muka hau saman jirgin, inda ba rufi sai rumfa, aka ba mu tebur a gefen ƙarfen da ya raba mu da ruwa. Ana shirin tashi na gyara murya.

"Baba, wannan layin naka na gida ne ko?"

"Na gida ne. Tun da na sauka suke yanka ni, amma ya zan yi."

"Ai wannan yankan tudu ne, Baba. Na ruwa daban ne. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, an fita daga ƙasar kowa, sai tauraron ɗan Adam ya karɓi wayar. Ko gaisuwa aka yi maka sai ka ji a jikinka."

Ya dube ni, ya dubi wayar. "To in kashe ta mana."

"Ko an kashe tana sha, Baba. Sai dai a cire layin."

(Wannan ba ya cikin bidiyon. Nan take na ƙirƙire shi, don na ga a karon farko Alhaji yana saurarona da kunnuwa biyu.)

Nafisa tana gefen mahaifiyarta. Ta zaro mini ido, ta ɗan girgiza kai. Ba dama ta ƙaryata saurayinta a gaban ubanta, ba dama kuma ta kira ni gefe. Ni kuwa na ɗauka mamakin zurfin ilimina take yi, har na mayar mata da murmushi. Na juya wajen Hajiya, ta rungume wayarta ta ce, "Ni dai bar mini tawa, ɗan nan. Hoto zan ɗauka, su yanka in sun ga dama."

Alhaji ya miƙo tasa. Na warware robar, na buɗe bayan, na cire batir, na zaro layin a hankali kamar mai cire ƙaya. Ya miƙo hannu zai karɓa, na ce, "Bar shi a wurina, Baba, kada ya faɗi." Na naɗe shi a 'yar takarda. Aljihun shadda yana da faɗin baki, ban yarda da shi ba. Sai na tuna kakana, wanda tikitin mota da goro da takardar asibiti duk a cikin hula yake sa su, kuma har ya koma ga Allah ba abin da ya taɓa ɓace masa. Na ɗaga hula, na ɗora layin a tsakiyar kaina, na mayar da ita na danna. Abin da ban lissafa ba shi ne, kakana bai taɓa hawa jirgin ruwa ba.

Jirgi ya tashi. Ƙasar da na ce mun fita daga cikinta tana nan dama da hagu, har ana iya karanta allunan shaguna. Aka kawo kifi da shinkafa, ni kuma kunyar suruki ta hana ni ci, na zauna ina juya cokali cikina na kiran ciroma. Kowane tebur waya ake yi. Wata mata a bayanmu tana magana da 'yar'uwarta ta bidiyo, tana juya wayar tana nuna mata gada. Alhaji ya daɗe yana kallon su.

"Malam, su waɗannan ba a yanka su ne?"

"Ba su sani ba ne, Baba. Sai ƙarshen wata za ka ji kukansu."

Ya ce, "To."

Can sai kiɗa ya tashi, mai rawar tannura ya fito. Ga wanda bai taɓa gani ba, namiji ne ke ɗaura wani ƙaton buje mai launi-launi, mai nauyi, ya yi ta juyawa a wuri ɗaya har bujen ya baje kamar faifai. Idan rawa ta yi nisa sai ya zare na saman, don bujen biyu ne a haɗe, ya ɗaga shi a hannu yana wulwulawa, ya bi tebur-tebur yana ratsa shi ta saman kawunan mutane don a ɗauki hoto. Kowa ya san abin yi, ka sunkuya ka yi dariya ya wuce. Hajiya ta ɗaga waya tana ɗauka. Alhaji ma, da gwiwarsa da komai, ya sunkuya.

Ni kaɗai na ga wannan dama ce ta nuna cewa dattijo yana da mai tsaya masa. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu, na buɗe baki zan ce wa mutumin da Larabci nan teburin manya ne, ya yi gaba. Ban kai ƙarshen kalmar farko ba gefen bujen ya sami hulata. Ta tashi sama, iska ta karɓe ta, ta tsallake ƙarfen, ta sauka a kan ruwa, ta fara tafiyarta a natse. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka hau tafi. Mai rawa ya ce, "Ma'alish, ya shaikh," wato in yi haƙuri, ya ci gaba da juyawarsa.

Alhaji ya yi dariya. Kwana biyar ina hidima ban ga haƙorinsa ba, ranar na ga har na zinaren Makka. Yana dariya yana dukan tebur yana share hawaye. Ni kuma ina tsaye da sabon aski a fili, ina addu'ar Allah ya sa dariyar ta kai mu gaɓa. Ba ta kai ba. Na ga lokacin da ta fara raguwa a fuskarsa, ta ragu, ta tsaya.

"Malam. Ina layina?"

Na shafa kaina. Na sake shafawa, har bayan kunne, kamar akwai wata ma'ajiya a wurin da na manta da ita. Ba komai sai gumi.

Na ruga wajen babban ma'aikacin jirgin, wani mai gashin baki, na roƙe shi a juya. Ya biyo ni har teburinmu, ya hangi hular, wadda a lokacin ta zama ɗan ɗigo kusa da ƙafar gada, ya ce khalas, ta tafi. Sai ya tambaye ni, a gaban kowa, me ya kai layin waya cikin hula. Da na yi shiru da ya fi. Amma na yi masa bayanin gaɓa da tauraron ɗan Adam, da kyakkyawan Larabci kuma. Mutumin ya riƙe ciki yana dariya. Ya nuna mini wani dogon bene a bakin kogi mai ƙarafunan sadarwa a kansa, ya yi magana mai tsawo, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, shi ma ya riƙe ciki.

Alhaji ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Cewa ya yi a yi haƙuri, Baba."

"Maganar ta fi haka tsawo. Nafisa, me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin mayafinta. Na ji tausayinta fiye da yadda na ji na kaina, don ni na jefa ta. A hankali ta ce, "Abba, ya ce nan cikin gari muke, da kogi da titi duk ɗaya ne a wajen waya. Wancan abin a tsakiyar teku ake yi, a manyan jirage. Kuma ya ce ko a can, kashe wayar ya wadatar."

Alhaji ya ɗauki gawar wayarsa, ya mayar da batir, ya rufe, ya naɗa robar sau biyu.

"Malam, shekararka nawa a garin nan?"

"Huɗu, Baba."

"To."

Saura awa guda jirgin ya koma gaɓa. A tudu, idan ka yi abin kunya kana iya cewa za ka je alwala ka ɓace. A jirgi ba inda za ka. Na zauna kai ba hula, ciki ba abinci, ina kallon ruwa, ina jin Hajiya tana sake kunna bidiyon a hankali a ƙarƙashin tebur. A raina na riga na yi sallama da Nafisa, kuma wallahi abin ya yi mini ciwon da ban iya faɗa wa ko abokan zamana ba.

Washegari a filin jirgin sama, za su koma gida, Alhaji ya ce mini magana ɗaya: "In ka zo hutu ka same ni a kasuwa."

Na je. Kamfanin waya ya mayar masa da lambarsa, amma sunayen shekara ashirin suna ƙasan Nilu. Ya ba ni sabon littafi da biro, ya ce in bi rumfa-rumfa da tasha-tasha in tattaro masa lambobin mutanensa. Ya ƙara da sharaɗi: "Duk wanda ya tambaye ka garin yaya, ka faɗa masa gaskiya, tun daga farko." Kowa kuwa sai da ya tambaya. Wani ma lambarsa na hannuna sai ya ce bai ji wurin hular da kyau ba, in sake. Kafin kwana uku labarin ya riga ni isa rumfunan, har an ƙara masa kada, wai shi ya haɗiye hular. Kwana tara na yi ina tallan wautata da bakina, har na daina jin nauyinta.

Ranar da na kai masa littafin ya buɗe shafi-shafi yana duba rubutun, ya daɗe. Sannan ya rufe ya ce, "Na zaci tun ranar farko za ka gudu. Wanda ya iya tsayawa a gaban kasuwa guda ya ce shi ya yi wauta, zai iya zama da mutane. Ka ce wa magabatanka su zo."

Darasin da na koya ba mai tsada ba ne, ni ne dai na saye shi da tsada. Idan za ka hau jirgin teku na gaske, ka kashe wayarka ka bar layi a ɗakinsa. Idan kuma ka samo sabon ilimi a bidiyon da ba ka kalla har ƙarshe ba, ka fara gwada shi a kan kayanka, ba na wanda kake neman 'yarsa ba. Yanzu shekararmu uku da aure, Alhaji yana zuwa gidanmu, yana cin tuwonmu, yana ɗaukar jikarsa. Ya ba ni 'yarsa da hannunsa, amma har yau ko caji bai yarda in sa masa wayarsa ba.