Shehin Dutse

Ko tsufa ya kwashe min sauran tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa surukai suka rufe kai don sauraron Shehin Dutse ba.

Asalin abin, wata shekara ina dafa wa alhazai abinci a wani gidan saukar baƙi a unguwar Aziziyya, cikin Makka. Cikinsu akwai wani tsohon Baturen Ingila da ya musulunta, ana ce masa Alhaji Dauda. Gemu fari fat, gashi har kafaɗa, kunnen hagu ba ya ji. Ni dai ina ganinsa na ce wannan ba banza ba.

Jikata Ruwaida ce ke mana tafinta. Haihuwar Makka ce, Larabci da Turanci kamar ruwa, amma Hausarta gurguwa ce (laifin uwarta, ba nawa ba). Na ce ta tambaye shi sana'arsa. Ta ce wai shi mutumin dutse ne, su huɗu ne a jama'arsu, sun kewaye duniya tun suna samari, Amurka, Jamus, Japan, yau nan gobe can, a doguwar mota suke kwana. Duk garin da suka sauka mutane na cika fili, suna ɗaga hannu, suna kuka, wasu har su suma. In za su ɗauki murya a faifai kuwa, sai su kulle kansu a wani gidan gona wata da watanni, ba sa ganin kowa. Daga baya babbansu ya rasu, suka watse.

To ku faɗa min, don Allah. Dutse, halwa, yawon ƙasashe, jama'a na suma. In ba waliyyai ba, su wa? Kunnen ma na ce zikiri ne ya cinye shi. Na riƙa ƙara masa nama a kwano, na kuma nace sai ya ba ni karatunsa. Ya yi ta ƙi, fuskarsa ta yi ja, na ce ka ji tawali'u. Ranar tafiyarsa ya miƙo min faifai yana dariya. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na ajiye a akwati kusa da likkafanina, ban taɓa kunnawa ba. Abin tsarki ai ba a buɗe shi don nishaɗi.

Aka kwana aka tashi, Ruwaida ta samu manemi, yaron kirki da take so. Matan gidansu suka zo ganinta bayan la'asar, uwarsa Hajiya Rabi a gaba, Basakkwatiya, mace mai bincike. Kowa ya san in ta ce a'a, magana ta mutu. Tun kafin gahawa ta huce ta jero mana malaman gidansu, uba da kaka da kakan kaka, sannan ta tambayi namu asalin. Marigayi maigidana dako ya yi a Mina har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba sai ranar. Shaiɗan ya ce min, ai kina da shehi a akwati.

Na ce mu ma manyan bayin Allah sun ci tuwonmu. Na ɗauko faifan, na sa aka jona shi da talabijin, na ce kowa ta gyara mayafi. Ruwaida ta shigo da faranti, ta ga ƙyallen, ta ce da ni, rabi da Larabci, “Ya Sitti, la'a, bari mana.” Na harare ta, ta ajiye farantin.

Ganga ta fara. Na ce bandiri ne, haka ɗariƙarsu take. Sai wani ƙarfe ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, wani ƙato ya kurma ihu. Na rufe ido na ce jazabu ne, shauƙin zikiri, ya kama shi. Da na buɗe, ga hoto ya fito. Ga shehina a samartakarsa, ba riga, wando ya ɗame shi kamar fatar tsiren hanji, yana jibgar ganguna yana kaɗa gashi, 'yan mata na tsalle a gabansa.

Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinya aure. Hajiya Rabi ta ajiye finjali a hankali, ta matso da fuska kusa da talabijin, ta ce, “Hajiya, wanga shehi naki, ina rigatai?”

Sai dariya ta ƙwace mata, har da hawaye, har tana dukan cinyata. Ruwaida ta yi bayani cikin kuka cewa kiɗan ne sunansa rok, wato dutse da Turanci, ita kuma iyakar Hausar da ta samu ke nan. Hajiya Rabi ta ce rabonta da dariya irin wannan tun rasuwar mijinta, kuma gidan da ya ciyar da makaɗi don Allah ba zai bar ɗanta da yunwa ba.

An yi aure, har da 'ya'ya. Amma har yau in na shiga gidansu sai ta miƙe ta ce a ba Muƙaddamar Dutse wuri. Faifan yana nan, na dai raba shi da likkafani. Yanzu kuma duk jikan da ya zo min da Larabci ko Turanci sai na ce ya maimaita da Hausa, in ya maimaita in sake tambayar wani.