Sabbar ɗin Hajja Fatna

"Ni fa ko taɓarya na dasa sai ta yi ganye," in ji Rilwanu, yana gyara hula a tsakar gidan Hajja Fatna da ke unguwar Al-Sih a Madina.

Jakunkunan alhazai yake ɗauka a filin jirgi, amma in ka ji shi sai ka rantse duk shinkafar fadamar Haɗeja shi ya noma ta. Dalilin cika bakin kuwa Sundus ce, autar Hajja, wadda yake nema da aure.

Hajja za ta Jidda da Sundus, babbar 'yarta ta haihu. Ta nuna masa sabbar ɗinta, wato shukar zabuwar nan mai kaurin ganye da ƙaya a gefe. Kakarta ce ta taho da irin tun daga Damagaram, a ƙafa.

"Ya waladi, ɗana, kada ka yi mata komai. Ka dai riƙa leƙo ta."

Sarkin Noman Jakunkuna ya ji tausayin tsohuwar shukar. Shuka a zafin Madina ba ruwa? Wannan ai zalunci ne.

Washegari ya yi mata kunya irin ta shinkafa, ya jawo tiyon na'urar sanyi ya saka a gindinta. Ganye ya fara rawaya.

"Yunwa ce," ya ce. Ya zuba takin tumaki rabin buhu.

Ganye ya yi laushi.

"Rana ce." Ya kafa mata rumfa da tsohon haraminsa. 'Ya'yan da suka tsiro a gindinta kuwa ya ce su ke shanye mata abinci, ya tumɓuke su ya wurga bayan katanga, kan tarin duwatsu. Da abin ya ƙi ci, ya juye mata jarkar zamzam.

Da Hajja ta dawo, ta taɓa shukar da yatsa ɗaya. Ta zube kamar tuwon da bai nuna ba.

"Ummi, shufi! Zo ki gani!" Sundus ta kira daga taga.

A kan duwatsun, 'ya'yan da aka yar sun kafa saiwa, shar da su.

Rilwanu ya yi gyaran murya. "Hajja, maganar Sundus fa... wallahi zan kula da ita sosai."

"Na sani, ya waladi," in ji Hajja. "Abin da nake tsoro ke nan."