Awa uku a bakin gadar Gaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je bakin gadar Gaya ta ƙasar Nijar. Har yau a gidanmu a Kontagora cewa ake rufe gadar ne ya hana ni samun Yaya Hadiza da rai. Ba haka ba ne. Bakina ne ya hana ni.

Yayata tana aure a Malanbil, ƙasar Benin, a tsallaken gadar. Da mijinta ya bugo waya cewa jiki ya yi tsanani kuma ni take kira, na hau mota ta Yawuri, na bi ta Kamba na shiga Nijar. Tun daga nan layin wayata ya ɗauke. Ina isa bakin kogi na tarar an gindaya manyan kwantenoni a kan gadar, sojoji na zaune a inuwa.

Kowa na gangarawa ƙasa wajen kwale-kwale. Ni kuwa, 'yar sakandare mai katin shaida a jaka, na nufi sojojin ina zuba musu Turanci (su da Faransanci suka karanta, kuma Hausarsu ta fi tawa). Ɗayansu ya ce, "Malama, ko mu ba ma wucewa."

Ina cikin masifa wani dattijo mai jiƙaƙƙen wando ya matso.

"'Yata, daga Najeriya kike?"

"Baba, don Allah ka rabu da ni. Ni ba buhun albasa ba ce da za a loda a kwale-kwale."

Sau uku yana dawowa, sau uku ina korarsa. Na ukun har na ce masa ɗan damfara, a gaban masu sayar da kifi. (Gaskiyar ita ce tsoron ruwa nake ji, amma na gwammace in yi rashin kunya da in faɗa.)

Sai bayan la'asar, da murya ta dushe, na gangara da kaina. Yana zaune a jirginsa shi kaɗai, bai ɗauki kowa ba tun isowata.

"Malam Idi mijin yayarki ne ya aiko ni," ya ce. "Ya ce in nemi mai kama da ita. Ai kamarku ɗaya."

Tsallakawar ba ta kai minti ashirin ba. Na shafe awa uku ina faɗa da gada.

Na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza sun dawo daga maƙabarta. Wata maƙwabciya ta riƙe hannuna ta ce har azahar Yaya Hadiza tana tambaya ko na iso. Dattijon bai gaya wa kowa abin da na yi ba. Da aka tambaye shi, cewa ya yi hanya ce ba kyau.

Yanzu in mutum ya fara magana, ina barinsa ya kai ƙarshe. Ranar sadakar arba'in zan koma. Kafin in shiga gidan, zan fara neman dattijon nan a bakin ruwa, in durƙusa, in tambayi sunansa.