Ranar da Na Yi Iyo a Tabuk

Da aka ce dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Tabuk, ni na tayar da 'yan gidanmu na unguwar Hindawiyya: "Yalla, mu je!" Duk hanya ina ta wa'azin abin da na gani a bidiyo: in ƙanƙara ta zaftaro daga dutse, a kama iyo, kada ta binne mutum.

Muna isa, wani abu mai sanyi ya faɗo mini a ƙeya. Na kurma ihu, na zube rub da ciki, ina iyo ina salati.

Ashe ƙanwata ce ta jefe ni da dunƙulen ƙanƙara guda.

Har yau in Umma za ta buɗe firij, sai ta ce, "Ku riƙe yayanku, kada ƙanƙara ta tafi da shi."