Zanin Ranar Hula

"...ina gajiya kuma? A'a, mijin nawa ne? Na ɗauka ka sake ni!"

Kaka Bibiana ke nan, tana tsintar wake a ƙofar ɗakinta a Sabon Gari. Jikanta Japheth ne ya iso daga Samaru, inda yake aji uku a jami'a. Daga yadda yake jan ƙafa ka san da magana a bakinsa, amma wasan kaka da jika ba ya jiran kowa.

"Wa zai sake ki, tsohuwa? Ko kyauta na bayar da ke, dawo mini da ke za a yi. Ga tsarabarki."

"Rake? Da wane haƙorin, mugu?"

"Sauran biyun nan. Hutunsu ya yi yawa."

"Ji mai maganar hutu! Kai da malamanka ke yajin aiki kamar da shi aka haife su?"

Nan dariyarsa ta ɗauke. Ya tsuguna gefenta.

"Kaka, barin karatun nan zan yi. Abokina Iyke ya kafa laima a bakin kasuwa, mutane na buga waya suna biyansa. Ɗan acaɓan da ya kawo ni yanzu, digiri gare shi. Me nake jira?"

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta bari ya ga damuwarta ba.

"Ni dai ba na auren mai laima. Kakanka ma malamin makaranta ne."

"Da karatun ya amfane shi, ke zai aura?"

"Ja'iri!"

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da sabon zani yana ƙamshin kafur.

"Tun ranar da aka ɗauke ka a jami'a na saye shi. Gidanmu ba a taɓa sa hular nan mai tuntu ba. Na ce ranar da ka gama zan ɗaura shi, in zo Samaru da tukunyar shinkafa, in ƙwace hular in kafa a kaina, mai hoto ya ɗauka. In ka bari, ba komai, ba zai yi asara ba. Matan cocinmu za su ɗaura mini shi ranar da za a sa ni a akwati."

Idon Japheth ya ciko. Tausayinta ya kama shi. Can ya yi dariya yana sharar fuska.

"Wannan ƙaton kan naki ba zai shiga hular ba."

"Kawo ta mu gani."

"Mayar da zanin ki ajiye, matata. Kin ci. Litinin ina aji."