Ranar da Na Gyara Bangon Kaka

Ƙarfe bakwai na safe, ni da mai fenti muna gaban ɗakin marigayiya kakata a Gidan Waya. Wata Dakta daga jami'a, mai ilimin gaske, za ta zo. Tana nazarin waƙoƙin matan dā tare da zanen da suke yi a bango. Na ce babbar baƙuwa ba ta ganin ƙazanta. Shara, sannan siminti, sannan fenti.

Da ta iso ta ce, "Baba, ina zanen?"

"Na gyara, Dakta."

Ta dafe kai. Ashe zanen da ta zo gani ne na shafe da fenti. Har yau matata "Injiniya" take kirana don tsokana.

Don Allah wanda ya san tsohon ɗaki mai zane ya gaya wa Dakta, kada ya gaya mini.